Kukan Kurciya Jawabi Ne

Ran Lahadi, 5 ga watan Maris na 2023, wani soja mai igiya ɗaya a sansanin soja na Rabah, cikin Jihar Sakkwato, ya juya bakin bindigarsa kan 'yan'uwansa. Ya harbe mutum uku har lahira, cikinsu har da hafsan da ke shugabancin sansanin, sa'an nan ya harbe kansa. Rundunar sojan Nijeriya ta ba da sanarwar abin da ya auku, ta kuma ce za a yi bincike. A lokacin hankalin jama'a duk yana kan zaɓe, gama an yi na Shugaban Ƙasa ran 25 ga Fabrairu, ana jiran na gwamnoni. Aka yi salati kwana biyu, aka ce tsautsayi ne wanda ba ya wuce ranarsa, kowa ya koma kan harkarsa.

Mu dai ba mu yarda a rufe wannan magana da kalmar tsautsayi ba, domin ba shi ne na farko ba. Ran 26 ga Fabrairu na 2020, a Malam Fatori, can bakin iyakar Barno da Nijar, wani kofur ya kashe abokan aikinsa huɗu, ya yi wa biyu rauni, ya kashe kansa. A Nuwamba na 2022 kuma, a Dambuwa, wani soja ya buɗe wuta ya kashe wata ma'aikaciyar agaji da soja ɗan'uwansa, ya raunana ɗaya daga cikin matuƙan jirgi mai saukar ungulu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin da ya faru sau ɗaya a iya kiransa tsautsayi. Wanda ya ke ta maimaituwa kuwa, ya zama ciwo, wajibi ne a nemi asalinsa.

Ba nufinmu ba ne mu yanke wa matattu hukunci, ko mu laƙaba musu wata cuta bayan suna kabari. Nufinmu shi ne mu yi wa masu rai magana, musamman mutanen Illela da kewayenta, a kan abu guda: mutumin da zai juya bindiga kan abokan zamansa, da wuya ya yi haka ba tare da ya nuna alamu tun da wuri ba. Waɗanda ke ganin alamun nan kuwa su ne waɗanda ke cin abinci kwano ɗaya da shi.

Me ya sa muka ambaci Illela? Duk wanda ya san garin ya san dalili. Illela ƙofa ce tsakanin Nijeriya da Nijar, tana fuskantar Birnin Ƙonni, kimanin kilomita 85 arewa da Sakkwato. Ran Lahadi kasuwarta kan cika maƙil da fatake da dabbobi da hatsi daga ƙasashen biyu. A wannan gari akwai soja, akwai 'yan sanda, akwai 'yan kwastan da ma'aikatan shige da fice da masu hana fataucin miyagun ƙwayoyi, galibinsu da bindiga a kafaɗa. Da yawa cikinsu baƙi ne, iyalinsu na can wata uwa duniya, suna tsaron dare da rana a shingayen hanya. An rufe iyakar nan a Agusta na 2019 ba a buɗe ba sai Disamba na 2020, an sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris na 2024. Ko wane rufi ya karya jarin talakawa, ya kuma ƙara zafin zuciya tsakanin mai tsaron iyaka da mai neman abinci a kanta.

Bayan waɗannan ma'aikata, ga kuma 'yan banga da 'yan sa-kai, waɗanda tsananin ta'adin 'yan bindiga ya tilasta wa ɗaukar makami. Ba mu manta da kasuwar Goronyo ba, inda aka kashe fiye da mutum 40 a Oktoba na 2021, ko ƙauyukan Illela da aka auka wa a watan da ya biyo baya. Saboda irin wannan ne Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara da Sakkwato suka kafa nasu a 2024. Watau dai, yau a ƙasar Sakkwato bindiga tana hannun samari masu yawa ƙwarai, waɗanda da a zamanin iyayensu ne, da fartanya da sandar kiwo kaɗai suka sani. Samarin nan sun ga gawa, sun binne abokai, waɗansu an ƙone gidajensu a kan idonsu. Mun ba su makami domin su tsare mu. Tambayar ita ce, wa ke duba lafiyar zukatansu?

A nan lalle ne mu rarrabe abubuwa biyu, don kada a yi mana gurguwar fahimta. Ɗan fashin daji da ya shirya, ya hau babur, ya shiga kasuwa yana harbi, ba mahaukaci ba ne. Da hankalinsa ya ke yi, don dukiya ko ramuwa, maganinsa kuwa yana hannun hukuma da shari'a. Haka kuma wanda Allah Ya jarraba da taɓin hankali, ba makashi ba ne. Mafi yawan masu wannan lalura ba su taɓa cutar kowa ba, su ne ma a ke cuta, yara na jifansu, manya na dukansu. Masana a Amurka sun ƙiyasta cewa kimanin kashi 4 cikin 100 ne kaɗai na ayyukan ta'adi a ƙasarsu za a iya jinginawa ga tsananin ciwon hankali shi kaɗai. Saboda haka wanda ya ce a tattara masu taɓin hankali a ɗaure don jama'a ta zauna lafiya, ya zalunci bayin Allah, bai kuwa tsare kowa ba. Wanda mu ke magana a kansa mutum ne na uku: mai hankali, ɗan gida, abokin aiki, wanda baƙin ciki ko ciwo ko ƙwaya ke cin zuciyarsa sannu sannu, ga shi kuma da bindiga kusa.

Amurka ta fi ko wace ƙasa mai arziki shan wannan masifa, don haka ta fi kowa bincikenta, kuma ba laifi ba ne mu ƙaru da abin da ta gano. A 2018 hukumar binciken manyan laifuffuka ta ƙasar, wadda a ke kira FBI, ta buga sakamakon nazarin da ta yi a kan mutum 63 da suka buɗe wa jama'a wuta tsakanin 2000 da 2013. Ta tarar kashi 25 cikin 100 ne kawai aka tabbatar likita ya taɓa cewa suna da ciwon hankali. Amma ko wane ɗayansu, in aka kwatanta, ya nuna halaye huɗu ko biyar masu ta da hankali, waɗanda mutanen da ke kewaye da shi suka gani da idonsu. Mafi yawansu sun yi mako guda ko fiye suna shirin abin da za su aikata. Fiye da rabinsu sun furta wa wani cewa suna da niyyar cutar da mutane. Abin baƙin ciki, sau da yawa waɗanda suka gani ko suka ji ba su kai magana ko ina ba. Wannan bincike ya rushe zancen da mu kan yi cewa wane lafiya lau ya ke, sai kawai abu ya faɗo masa. Abin ba faɗowa ya ke yi ba, ginuwa ya ke yi, a gaban mutane.

Misali guda ya ishe mu, domin ya yi kama da namu. Ran 25 ga Oktoba na 2023, a garin Lewiston cikin Jihar Maine ta Amurka, wani mutum ya harbe mutum 18, ya raunana 13, daga baya aka tsinci gawarsa ya kashe kansa. Sojan ko-ta-kwana ne, watau irin waɗanda ke zaune gida suna sana'arsu sai an bukace su a kira su. Tun a watan Mayu iyalinsa suka kai wa hukuma kuka cewa hankalinsa ya soma juyawa, yana jin muryoyi suna zaginsa, ga shi da bindigogi a gida. A Yuli aka kwantar da shi asibiti fiye da mako biyu, aka sallame shi. A Satumba wani abokinsa soja ya aika wa shugabansu saƙo cewa yana tsoron mutumin nan zai buɗe wa jama'a wuta. Ɗan sanda ya je gidansa, bai buɗe ƙofa ba, aka bar maganar. Kwamitin da Jihar ta kafa daga baya ya ce akwai isasshiyar hujja a doka da za a karɓe makamansa tun kafin ranar. A nan iyali sun yi magana, aboki ya yi magana, sai dai ko wane ofis ya ɗauka aikin na wani ofishin ne. Darasin biyu ne: dole mai gani ya faɗa, dole kuma a sami wanda in an faɗa masa, nauyin ya hau kansa shi kaɗai har ya ga ƙarshensa.

To, waɗanne ne alamun? Ba sai mutum ya yi karatun likita zai gane su ba. Na farko, sauyin hali wanda ya daɗe, ba na yini ɗaya ba: mai fara'a ya koma shiru, mai zuwa majalisa da masallaci ya ƙaurace, mai tsabta ya bar wanka. Na biyu, rashin barci dare bayan dare, ko firgita cikin barci, ko zabura da jin ƙarar ƙofa, abin da a kan gani ga waɗanda suka sha artabu. Na uku, zargi marar tushe, mutum ya riƙa cewa kowa na ƙulla masa, ana sa masa guba, ana zancensa, ko ya ce yana jin muryoyin da babu mai jinsu sai shi. Na huɗu, wani ƙullin zuciya guda wanda ya ke ta tuƙawa safe da yamma, a kan shugaban da ya hana shi hutu, ko wanda ya ci masa mutunci, ko wanda ya hana shi aure. Na biyar, ƙaruwar shaye-shaye. Na shida, wani babban bugu da ya same shi kwanan nan, kamar mutuwar aure, ko bashi, ko korar aiki, ko rashin aboki a fagen fama.

Waɗannan shida kiran taimako ne, ba shaidar laifi ba. Dubun mutane na ɗauke da su ba su taɓa kowa ba, abin da su ke bukata shi ne a jawo su a jiki, a kai su ga magani. Amma akwai waɗansu alamu biyu da ba su jiran gobe. Ɗaya ita ce furuci: mutum ya ce zai kashe wane, ko ya ce rayuwa ta ishe shi, ko ya soma rarraba kayansa yana neman gafara kamar mai sallama da duniya. Ɗayar ita ce shiri: ya soma ɓoye harsashi, ko neman makamin da ba shi da aiki da shi, ko bibiyar inda wani ke kwana. Duk wanda ya ji ko ya ga ɗaya daga cikin biyun nan ga mai riƙe da bindiga, kada ya ce wasa ne, kada rana ta faɗi bai sanar ba. Mu lura kuma, wanda ya fid da rai da kansa shi ne ya fi zama abin tsoro, gama a Rabah da Malam Fatori da Lewiston duka, mai harbin da kansa ya ƙarasa. Ceton mutum daga kashe kansa da ceton jama'a daga hannunsa, sau da yawa aiki ɗaya ne.

In alamun a fili su ke haka, me ke rufe bakinmu? Mun ga dalilai uku. Na farko kunya. A ƙasar Hausa gidan da aka ce akwai hauka cikinsa, 'ya'yansa mata kan sha wuyar samun miji, saboda haka a kan ɓoye mai ciwo a ƙuryar ɗaki har abin ya gagara. Na biyu tsoron a ce mutum munafuki ne ko ɗan rahoto. Soja ba ya son ya zama sanadin korar abokinsa, ɗan banga ba ya son a ce ya tona asirin ɗan unguwarsu. Na uku, kuma shi ne babba, mutane sun san abin da a kan yi wa wanda aka ce ya taɓu: turu da mari da bulala. Wa zai kai ɗan'uwansa ga wannan? A Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa, a watan da ya biyo baya aka sami irinsa a Daura. Iyaye ne da kansu suka kai da yawa daga cikinsu, don ba su san wata ƙofa ba. Muddin sakamakon faɗin gaskiya shi ne wulakanci ko korar aiki, mutane za su ci gaba da yin shiru, ba kuwa za mu ga laifinsu ƙwarai ba.

Alhali kuwa akwai wata ƙofa, ga mutanen Illela ma a kan hanyarsu ta ke. Duk motar da ta tashi daga Illela zuwa Sakkwato, bayan ta wuce Gwadabawa sai ta bi ta Kware, inda asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya ya ke. A Sakkwato kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da sashen masu wannan lalura. Ciwon hankali ciwo ne kamar hawan jini ko ciwon sukari, yana da magani, da yawa sun sha sun koma kan sana'arsu. Doka ma ta sake. Shekara da shekaru ƙasar nan tana aiki da dokar mahaukata ta 1958, wadda tushenta ke komawa ga wata dokar Turawa ta 1916, abin da ta fi kula da shi kuwa shi ne yadda za a tsare mutum. A Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta ɗauki mai ciwo a matsayin majinyaci mai haƙƙi, ta hana a wulakanta shi ko a nuna masa bambanci. Dokar bindigogi ta 1959 ma tun can ta hana a ba da lasin ga wanda hankalinsa bai daidaita ba, ko mashayi. Ashe ba doka muka rasa ba, aiki da ita muka rasa.

Gaskiya ne likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci. Ƙungiyarsu ta sha faɗa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma waɗansu na ta ficewa waje. Amma wani ɗan ƙasar nan ya riga ya nuna yadda a ke yi da kaɗan. A 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya soma wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda majinyata ke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su maimakon ya kore su. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kansa ya kai ga zama Mataimakin Babban Darektan Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ya gane shi ne, a ƙasa irin tamu, gida da unguwa su ne rabin asibiti. Mutanenmu in abu ya sami ɗansu, wurin malam su ke fara zuwa. Babu mai cewa a bar addu'a. Abin da mu ke roƙo ga malamai shi ne, in an kawo musu wanda ba ya barci, yana jin muryoyi, ko yana ambaton kisa, su yi masa addu'a su kuma ce wa iyayensa su wuce da shi Kware. Kalma ɗaya daga bakin malami ta fi shelar Gwamnati goma shiga kunne.

Ba za mu wuce ba sai mun taɓa zancen ƙwaya, gama garin iyaka ya san ta. Binciken da aka yi da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka bayyana a farkon 2019, ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 a Nijeriya sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. A Mayu na 2018 Gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, amma taramol da 'yan'uwanta ba su ɓace daga tasha da kasuwa ba. Saurayin da ke tsaron dare ya kan soma sha ne don kada barci ya ɗauke shi, ko don ya kashe tsoro, daga nan sai ta mallake shi. Shugaban da ya san yaronsa na sha ya kau da kai don wai yana ƙara masa ƙarfin hali, ya sani ya ɗora wuta ne kusa da rumbu.

Ga abin da mu ke ba da shawara, kuma babu ko ɗaya da ya fi ƙarfin aljihun Gwamnati.

Ga shugabannin soja da 'yan sanda da kwastan da sauran masu ɗamara: kada a bar mutum a bakin daga ko a shingen hanya wata da watanni ba hutu ba canji. Hutu ga mai bindiga ba alfarma ba ne, wani ɓangare ne na tsaron lafiyar abokan aikinsa. A kuma kafa ƙa'ida cewa duk wanda aka ga alamun nan gare shi, za a karɓi bindigarsa a ajiye, a kai shi ga likita, ba tare da an taɓa albashinsa ko igiyarsa ba, in ya warke ya koma bakin aiki. Ranar da ƙananan ma'aikata suka ga an yi wa mutum ɗaya haka ya dawo da mutuncinsa, ranar ce za su soma faɗin gaskiya.

Ga Gwamnatin Jiha: duk wanda za a ɗauka cikin rundunar tsaron al'umma, a duba lafiyar hankalinsa a kuma gwada shi ko yana shan ƙwaya, kafin a ba shi makami, a riƙa maimaitawa lokaci lokaci. A yi ɗakin ajiye makamai da littafin shiga da fita a ko wace gunduma, domin a san inda ko wace bindiga ta kwana da wanda ta kwana hannunsa. A kuma nemi yarjejeniya da asibitin Kware, ma'aikatansa su riƙa zuwa Illela ko da sau ɗaya a wata, ran kasuwa, lokacin da mutanen ƙauye da na ƙetaren iyaka ke shigowa gari. Tun 1991 manufar Gwamnatin Tarayya ta ce a haɗa kula da lafiyar hankali cikin aikin ƙananan asibitoci. Lokaci ya yi da za a ga wannan a ɗakin shan magani na ƙauye, a horar da ko da ma'aikaci ɗaya a ko wanne, a ba shi magani.

Ga hakimai da dagatai da masu unguwanni: su ne suka san gidan kowa. Muna ba da shawara ko wace unguwa ta sami mutum uku amintattu, mai unguwa da liman da ma'aikacin lafiya, waɗanda uwa ko mata ko aboki za su iya zuwa wurinsu a asirce. A sa mace dattijuwa kusa da su, gama mata ne ke fara ganin abin da ke faruwa cikin gida, su ne kuma ba su da bakin faɗa a zaure. Waɗannan mutane su san wanda za su kira, kada kuma su saki magana sai sun ga an kai mutumin ga magani, an nisanta shi da makami. Tun da yake dangi ɗaya ne a Illela da Ƙonni, wani ya yi ciwo nan a ɓoye shi can, ya kamata sarakunan ɓangarorin biyu su riƙa jin juna a kan irin wannan.

Ga malaman makaranta: yaran da ke gabanku yau, da yawa an koro su daga ƙauyukansu, waɗansu sun ga an kashe iyayensu. Yaron da ya koma shiru, ko ya ke ta zanen bindiga a bayan littafi, ko ya ce in ya girma sai ya rama, bulala ba za ta cire masa abin da ke ransa ba. A zauna da shi, a ji ta bakinsa, a kira waliyyinsa. Muna roƙon kwalejojin horon malamai su sa wannan cikin karatunsu, domin malamin da ya iya gane yaron da ba ya gani sosai a aji, zai iya koyon gane wanda zuciyarsa ke ciwo. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Mun san za a yi mana musu. Wani zai ce, 'yan fashin daji na kashe ɗaruruwa, ku kuna zancen mutum uku ko huɗu? Amsarmu ita ce, mai tsaron da ba shi da lafiya ba ya tsare kowa, kuma harbi ɗaya daga hannun wanda aka amince wa, a tsakiyar kasuwa irin ta Illela, ya isa ya rushe amincin da ke tsakanin jama'a da masu tsaronsu, ya kuma ta da fitinar ramuwa wadda ba a san ƙarshenta ba. Wani kuma zai ce, ai maƙiya za su riƙa yi wa mutum ƙazafin hauka don a ƙwace masa makami. Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa muka ce mutum uku ne za su ji magana, likita ne zai yanke, kuma karɓar bindiga ta ɗan lokaci ce. In an yi kuskure, mutum ya yi mako biyu ba bindiga, an ba shi haƙuri. In kuwa aka yi shiru aka yi kuskure, makara ce za ta fita, watakila ba ɗaya ba. Mai hankali ya auna ya gani wanne ya fi sauƙi.

A ƙarshe muna magana da kai mai karatu. Watakila yanzu haka akwai wanda ya faɗo maka a rai, ƙane ko maƙwabci ko abokin aiki, wanda ka daɗe kana cewa wane ya sake. Kada ka jira Gwamnati ta kafa kwamiti. Je ka same shi yau, ka zauna, ka tambaye shi abin da ke damunsa, ka saurara ba tare da faɗa ko wa'azi ba. Tambayar mutum a fili ko yana tunanin halaka kansa ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi ta ke kawo masa. In ka ji abin da ya tsorata ka, kada ka bar shi shi kaɗai, ka nemi babba, a raba shi da makami cikin lalama, a kama hanyar asibiti. Ko ya yi fushi da kai, fushin mai rai yana hucewa. Wannan ba tonon asiri ba ne, shi ne zumunci, shi ne kuma haƙƙin maƙwabtaka.

Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.